Inuwar Nassarawa da Waɗanda Suka Dasa Ta

Tsakanin ƙarshen hunturu da faɗuwar ruwan fari, watau daga watan Janairu zuwa na Mayu, akwai wani al'amari da yake aukuwa gabas da ganuwar Kano kowace shekara, wanda duk mai tasowa daga Gawuna ya nufi tsohuwar unguwar Turawa ta Nassarawa yake ratsawa ta ƙarƙashinsa, ko da yake da wuya ka ji an ta da zancensa a majalisa: itatuwa ne suke fure, wannan na bin wannan, bisa wani tartibi da ba ya saɓawa. Mangwaro ne yake fara huda tun ƙurar hunturu ba ta kwanta ba, har ka ga kan itacen ya rine ya yi ƙasa-ƙasa, ƙudan zuma na ta kai da kawowa a cikinsa. Sa'an nan ɗorawa, a 'yan wuraren da ta saura, ta rataya tutunta jajaye suna reto, waɗanda yara suke tsotsa saboda zaƙinsu. Darbejiya ta biyo baya da 'yan furanninta farare, waɗanda ido ba ya cika lura da su sai dai hanci ya ba da labarinsu bayan magariba. Daga ƙarshe kuwa, sa'ad da bazara ta kai matuƙa, sai itacen nan mai shimfiɗaɗɗen kai, wanda asalinsa daga tsibirin Madagaska ne, ya lulluɓe rassansa da jan fure, ya yi 'yan makonni a haka, kafin iskar hadarin farko ta kakkaɓe shi a kan kwalta.

A can ƙasar Japan, wadda take a ƙurewar gabashin duniya, irin wannan lokaci ba ya wucewa shiru. Suna da wani itace da suke kira sakura, wanda ba ya ba da 'ya'yan da za a kai kasuwa, amma da zarar ya fid da furensa fari mai ratsin ja a ƙarshen watan Maris ko farkon Afrilu, sai ƙasar duka ta ɗauka, masu hasashen yanayi su riƙa sanar da garin da furen ya iso kamar yadda ake bin labarin ganin watan Shawwal a wurinmu, jama'a su fita da shimfiɗu da abinci su zauna a ƙarƙashinsa, iyali-iyali da ma'aikata ƙungiya-ƙungiya, alhali kuwa sun sani sarai cewa bayan mako guda ko kwana goma babu abin da zai rage a kan reshe sai ganye. Wannan ta'ada, wadda suke kira hanami, tana da tarihi rubutacce. A shekarar 812 wani sarkinsu mai suna Saga ya yi zaman kallon fure a lambun Shinsen-en da ke birnin Kiyoto, tare da fadawa da ma'abota waƙa, kuma ƙarnoni da dama bayan wannan, abin bai fita daga hannun masu mulki da malaman addininsu ba, waɗanda su ne suka ƙware wajen tsara lambuna da tafkuna da duwatsu da 'yan gadoji, har suka wallafa littafi a kan wannan fanni, mai suna Sakuteiki, tun cikin ƙarni na 11. Sai a shekarar 1720 wani shugaban mulkinsu mai suna Yoshimune ya sa aka dasa sakura fiye da dubu a tudun Asukayama, a gefen birnin Edo wanda ake kira Tokiyo yanzu, ya kuma bar talakawa su shiga su ci su sha su yi annashuwa a wurin. Tudun nan yana cikin wurare na farko da hukumarsu ta ayyana a matsayin wurin shaƙatawa na kowa da kowa a 1873. Watau dai abin da a yau ake ganin kamar ɗabi'a ce da aka halicci mutanen Japan da ita, asalinsa shawara ce da wani mai iko ya yanke, ya fid da ni'imar da take cikin fada ya ajiye ta inda ra'iyya za ta kai gare ta.

Da wannan ma'auni nake so a dubi Nassarawa, domin ƙasa ce da aka yi ta dasawa ana rainonta fiye da shekara ɗari da hamsin, ta hannun masu mulki iri biyu, amma ba a taɓa yanke irin waccan shawara a kanta ba.

Kanawa ba baƙin itace ba ne. Littafin tarihin sarakunan Kano ya buɗe ne da labarin mutanen Dala da Barbushe da kurmin Jakara, wanda ba a sare shi ba a kuma shiga cikinsa sai da ƙa'ida, saboda tsafin da ake yi a wurin. Kuma littafin ya kawo cewa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, an sare itacen tsafi an gina hasumiyar masallaci a gurbinsa. Musulunci ya kawar da bautar itace, sa'an nan ya ba shi wata daraja ta daban, domin malamai sun karantar da cewa dashe sadaka ce mai gudana muddin mutum ko tsuntsu ko dabba na ci daga gare shi, kuma duk almajirin da ya sauke Risala ya ratsa ta babin musaƙa, inda aka bayyana yadda mai gonar itatuwa zai ba wani ya yi ban-ruwa da kulawa bisa wani kaso sananne na 'ya'yan. Baturen nan Kilafatan, da ya shigo Kano a 1824, ya lura cewa gidaje ba su ci fiye da rubu'in ƙasar da take cikin ganuwa ba, sauran duk gonaki ne da lambuna. Barth kuwa, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya iso a 1851 ya ga dabino da gwanda da rimi sun yi wa gidajen ƙasa rumfa. A bayan ganuwa ma haka abin yake, domin manomin Kano ba ya share gonarsa ƙaf: yakan bar ɗorawa saboda kalwa da makuba, kuka saboda miya, tsamiya saboda kunu, ɗinya da kanya saboda yara, rimi saboda audugar katifa da lifidi, gawo kuwa saboda yana zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, sa'an nan ya tofo da rani ya ciyar da awaki sa'ad da babu ɗanyen haki ko ɗaya. Har ta kai a wasu wurare itacen ɗorawa yana da mai shi daban da mai gonar, ana gadonsa ana jinginar da shi. Wannan ilmi ne mai zurfi, amma idon da ya gina shi ido ne mai tambayar amfani. Fure a wurinsa alkawari ne na 'ya'ya, ana dubansa ne don a ƙiyasta yadda shekarar za ta kasance.

Nassarawa ta fara ne a matsayin gandun sarki. Sarakunan Kano na ƙarni na 19 sun kafa gandaye da ribaɗai kewaye da birni, irin su Fanisau, inda Sarki Ibrahim Dabo ya tsaya don fuskantar Ɗan Tunku, da Ɗorayi, da Gogel. Riwayar da ta fi shahara kuwa tana danganta gidan Nassarawa ga Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855. Gida ne na fita shan iska, inda sarki yake kauce wa cunkoson birni da ƙarar fada ya yi 'yan kwanaki a tsakiyar gonaki, kuma gona ce mai ciyar da gidan sarki da dawakinsa. Wajibi ne a faɗi su wane ne suka nome ta, domin marubutanmu sukan yi saurin wuce wannan wuri: bayi ne, waɗanda aka kamo a yaƙi ko aka haifa a cikin bauta, suna ƙarƙashin sarkin gandu, shi kuma yana ƙarƙashin manyan bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama. Sukan yi aikin gandu daga hantsi zuwa azahar, sa'an nan kowa ya juya ga 'yar gayaunarsa ya nemi abin da zai rufa wa kansa asiri. Hatsin da suka noma shi ne ya cika rumbunan fada, ya ciyar da baƙi da malamai da mayaƙa, inuwar da sarki ya huta a ƙarƙashinta kuwa da guminsu ta tashi.

Ranar 3 ga Fabrairu 1903 rundunar Kanar Morland ta fasa ganuwar Kano, Sarki Alu yana can wajen Sakkwato. Turawa ba su so zama a cikin birni ba, sai suka sauka a gidan sarki na Nassarawa suka mai da shi mazaunin mulki, aka naɗa Muhammadu Abbas sarki a watan Afrilu na wannan shekara, aka kuma ajiye Dokta Kagil, wanda Kanawa suka yi wa laƙabi da Mai Gunduma, a matsayin Razdan na farko. Daga nan ƙasar da take gandun sarki ta fara komawa bariki. A nan Hans Bisha, mutumin Suwizalan da aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a 1909, kuma gidansa na ƙasa mai zanen Hausa yana nan tsaye har gobe a matsayin gidan tarihi. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekara mai biye, kamfanoni suka kwararo, Sabon Gari ya tsiro don ma'aikatan da suka zo daga kudu, aka shata Bompai da Nassarawa don masu mulki da manyan 'yan kasuwarsu. A wannan shekara ta 1912 ɗin ce birnin Tokiyo ya aika wa birnin Washinton na Amurka kyautar sakura dubu uku, aka dasa su a bakin ruwa inda kowane mai wucewa zai gani; Nassarawa kuwa a lokacin ana shirin kewaye ta ne da doka.

Dokar kuwa tana da hujjar da aka ba ta. Tun da likitan nan Ronald Ross ya tabbatar a 1897 cewa sauro ne yake ɗaukar zazzaɓin cizon sauro, sai likitocin mulkin mallaka suka ɗora a kan cewa lafiyar Bature tana cikin nisantar gidajen 'yan ƙasa, musamman inda yara suke. Saboda haka Gwamna Lugga ya tsara, kuma dokar garuruwa ta 1917 ta ƙarfafa, cewa a bar fili mai faɗin yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta kowa, kada kuma ɗan ƙasa ya kwana a cikinta sai bara. Wannan fili da aka hana gini a kansa shi ne ya zama wurin sukuwa da ƙwallon doki da ƙwallon sanda, gidajen kuwa aka yi su ɗai-ɗai a tsakiyar manyan filaye, kowanne da barandarsa da hanyar mota da ɗakunan barori a can baya. Ko mene ne aka ce game da sauro, mutumin Fagge ko na Gwagwarwa da aka kora daga bakin titi ya san cewa abin da ake gudu shi ne shi kansa.

Amma fa filin da babu gini, a ƙasa mai rana irin tamu, ba ya zaunuwa sai da itace, kuma a nan ne tarihin ya yi wani juyi da ya cancanci a yi masa adalci. Turawan sun zo da marmarin lambunan ƙasarsu da kuma irin itatuwan da suka sani a Indiya da sauran ƙasashen da suke mulki, suka shiga gwada su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi kowanne karɓuwa shi ne darbejiya, wadda wasu suke kira dogon yaro ko maina: asalinta daga Indiya ne, ta biyo ta ƙasar Gana, aka fara dasa ta a lardin Barno wajen 1928, daga nan ma'aikatan gandun daji da na En'e suka baza ta a bakin hanyoyi da kasuwanni da makarantu, saboda ba ta zubar da ganye duka da rani, gara ba ta cika cin ta ba, tana kuma jure ƙishirwar da za ta kashe wani itacen. Jemagu da tsuntsaye suka ƙarasa aikin, suna cin 'ya'yan suna yar da ƙwallon ko'ina, har ta zama a yau yaro ba zai yarda cewa baƙuwa ce ba, tun da da ganyenta kakarsa take yi masa surace in zazzaɓi ya kama shi. Tare da ita aka jera mangwaro da malaina da itacen turare da mai jan furen nan, aka yi shingaye da furanni masu hawa katanga, har titunan Nassarawa suka zama rumfa guda, wadda duk wanda ya shigo ta daga cikin birni da tsakar rana yakan ji sauyin iska a fatarsa tun kafin ya lura da dalili.

Wanda ya san abin da ake nufi da rainon dashe a Kano shi ne zai san nauyin wannan aiki. Ruwan sama yana ɗaukewa a watan Oktoba, ba ya dawowa sosai sai Yuni. A cikin waɗannan watanni dole a kai wa kowane ɗan itace ruwa safe da yamma, a garwa ko a tulu, a kewaye shi da ƙaya ko kwando saboda awaki, a tone gindinsa a zuba toka saboda gara, a yi haka shekara biyu ko uku kafin saiwarsa ta kai inda za ta ci da kanta. Matar Razdan takan nuna inda za a haƙa rami, amma mai haƙawa da mai ɗauko ruwa gadina ne da lebura da fursuna, 'ya'yan manoman karkarar Kano, wasunsu ma jikokin bayin gandun nan ne da dokar Turawa ta 'yanta sannu a hankali, waɗanda suka zo da sanin ƙasa da taki da lokacin dashe tun daga gida. Idan magariba ta yi sai su wanke ƙafa su koma unguwannin da suke bayan fili, irin su Gawuna da Gama da Tudun Wada, inda gidaje suke manne da juna, ba a kuma ware wa kowa wurin dasa ko da zogale ba sai abin da ya samu a tsakar gida.

Rana ɗaya ce a kowace salla wannan shinge yake buɗewa, ita ce ranar hawan Nassarawa, wanda ya samo asali daga ziyarar da sarki yake kai wa Razdan, yanzu kuwa gwamna. Sarki yakan fito ta Ƙofar Nassarawa da hakimai da 'yan lifida da 'yan bindiga, talakawa na biye a ƙasa, ya tsaya a gidan Nassarawa ya ziyarci magabata, domin tun daga Sarki Abbas, wanda ya rasu a 1919 ake kuma kiransa Maje Nassarawa, wurin ya zama makwancin sarakunan Kano, har zuwa Sarki Ado Bayero da aka rufe a can a watan Yuni na 2014, Allah ya jiƙansu da rahama. A wannan rana yaran birni suna hawa rassan da ba a dasa dominsu ba don su hango laima, kuma a shekarun da kalandar Hijira ta kawo salla cikin bazara, dawaki kan ratsa ta ƙarƙashin furen yana zuba a kan rawuna. Amma ido yana kan sarki, kuma da la'asar kowa ya watse.

Da aka sami 'yancin kai a 1960, aka kuma ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, gidajen barikin suka koma hannun manyan ma'aikatan gwamnati da attajirai 'yan ƙasa, dokar wariya ta faɗi, katanga ta maye gurbinta. Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe jihar daga 1967 zuwa 1975, shi ne mai mulkin da ya fi kusa da yin irin abin da Yoshimune ya yi, domin mutum ne mai son noma da dabbobi da ruwa: ya gina madatsun Tiga da Bagauda, ya kuma kafa gidan namun daji da yake ɗauke da sunansa, wanda har yanzu shi ne inda iyalan Kano suke ɗunguma da yara ranar salla su zauna a inuwa. Cikar da wurin yake yi a waɗannan ranaku, har ba a samun masaka tsinke, hujja ce a kan duk mai cewa Bahaushe ba shi da sha'awar zama a lambu. Sha'awar tana nan. Wurin ne ya yi kaɗan, an kuma yi shi a can kudancin gari, nesa da tsofaffin itatuwan Nassarawa.

Lambu kuwa, a ma'anarsa ta Kanawa, bai mutu ba, an dai tura shi bakin rafi. Wanda ya gangara kwarin Getsi, rafin da yake kwaso ruwan Bompai ya kai shi Jakara, zai tarar da masu lambu sun yanka ƙasa fangali-fangali, latas da kabeji da karas da alayyafo da albasa sun yi kore shar a tsakiyar rani, ɗan injin ban-ruwa yana tari a inda jigo yake tsaye a da, mai lambu ya naɗe wando zuwa gwiwa yana buɗe wa wannan fangali ruwa da fartanya yana toshe wancan da ƙafa, kafin asuba kuma kayan sun isa kasuwar 'Yan Kaba. Ruwan da suke amfani da shi ya ratso ta masana'antu da magudanan gidaje, sun kuma san haka, amma ba su da wani. Waɗannan su ne magadan ilmin da ya raini Nassarawa, kuma su ne ake fara tasa idan an zo yanka filaye.

A cikin barikin kansa abin da yake gudana ya fi sauri. Filin da a da gida ɗaya ne a tsakiyarsa, yanzu akan sayar da shi a raba shi huɗu ko shida, ko a tsayar da bene na shaguna. Aikin farko kuwa da ake yi kafin a auna tushe shi ne a kira masu injin yanka, itacen da ya shekara saba'in ya kwanta kafin azahar, a sayar da shi ga masu gidan burodi da masu gawayi, a shafe ƙasar da siminti daga katanga zuwa katanga, ruwan sama ya rasa inda zai nutse ya fita titi. Ba na ganin laifin mai neman wurin zama a garin da mutanensa suka ninka sau da yawa tun daga zamanin Razdan; abin da yake ci mini rai shi ne, ana rabon wannan gado ne tun kafin jikokin waɗanda suka yi masa ban-ruwa su taɓa zama a ƙarƙashinsa da izini, alhali shari'a ta ba mu hanyar hubusi, wadda da ita attajiri ko hukuma za su iya tsare fili guda da itatuwansa don maslahar jama'a har abada, kamar yadda ake tsare masallaci da maƙabarta da rijiya.

Har yanzu akwai masu sayar da dashe a bakin titunan Nassarawa, sun jera 'yan itatuwa a cikin baƙar leda, suna yayyafa musu ruwa da sassafe. In ka tsaya kusa da su za ka ji abin da masu saye suke nema: "Malam, ba ni wanda ba ya zubar da ganye, wanda kuma saiwarsa ba ta fasa katanga." Mai dashen yana da mangwaro da darbejiya da ɗorawa a can layin baya, ya kuma san wanne ne zai yi wa jikan mai sayen rumfa, amma sai ya miƙo dogon itacen nan siriri mai sunkuyayyen ganye, shi ma ɗan asalin Indiya, wanda ake jerawa a jikin katanga, yana kai tsawon bene cikin 'yan shekaru, inuwarsa kuwa ba ta isar mutum biyu su shimfiɗa tabarma.